Maiduguri: Horon da ma'aikatan lafiya ke buƙata kafin ƙwayoyin cuta su gama raina magani

Kwanaki kaɗan bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na Maiduguri, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta ba da umarnin rufe kasuwar magunguna ta Gamboru. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne, an samu rahoton cewa ana wanke magungunan da ruwa ya jiƙa, a shanya su a rana, da nufin mayar da su kan kanta. Ambaliyar ta kuma kutsa cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta lalata na'urori da ɗakunan gwaje-gwaje. Kafin a gama kwashe taɓo daga gidaje, a farkon Oktoba gwamnatin Jihar Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Cikin wata guda ke nan birnin ya haɗu da cuta mai saurin yaɗuwa, da magungunan da ba a amince da ingancinsu ba, ga kuma raunin wurin da za a gwada a gane wane magani ne ke aiki. Irin wannan yanayi ne ƙwayoyin cuta ke samun sararin koyon bijire wa magani, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan ya janye, an koma kasuwa, asibitoci sun ci gaba da aiki. Amma matsalar da ambaliyar ta tona ta girme ta, kuma maganinta na hannun likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna da masu kemis, waɗanda a kullum suke yanke shawarar wanda za a ba maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanda ba za a ba shi ba.

Yadda magani ke rasa kaifinsa

Magungunan antibayotik aikinsu kashe bakteriya ne ko hana su hayayyafa. Ba sa taɓa bairos, wanda shi ne ke haddasa mura da mafi yawan tari da ciwon maƙogwaro, kuma ba su ne maganin zazzaɓin cizon sauro ba. Duk lokacin da mutum ya sha su, suna kashe ƙwayoyin da ba su da kariya, su bar 'yan tsirarun da ke da wata dabarar tsira. Waɗannan tsirarun ne ke hayayyafa su cike gurbin, har ma su miƙa dabarar ga wasu nau'o'in bakteriya da ba danginsu ba. Daga cikin mai shan maganin sai su bi bayan gida, ruwan sha, hannun ma'aikaci ko zanen gadon asibiti su isa ga wani. Saboda haka wanda bai taɓa shan magani ba bisa ƙa'ida ba ma yana iya kamuwa da ƙwayar da ba ta jin magani.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya hango haka tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi maganin a shago, ya sha ƙasa da abin da ake buƙata, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya ji tsoro ya tabbata. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, tana kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi ƙamari, inda aka samu mace-mace 27.3 cikin kowane mutum 100,000. Ƙiyasin da aka yi wa Najeriya a wannan shekara shi ne mutum 64,500 kai tsaye, da 263,400 da matsalar ke da alaƙa da rasuwarsu.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Oktoban 2025 ya ƙara fito da girman lamarin. A shekarar 2023, ɗaya cikin kowace shida na cututtukan bakteriya da aka tabbatar a ɗakin gwaji a duniya ba ta jin magungunan da aka saba ba ta, a nahiyar Afirka kuwa ɗaya ce cikin biyar. A wasu ƙwayoyi biyu da ke yawan shiga jini, bijirewa ga dangin allurar seftirayazon ta haura kashi 70 cikin 100 a yankin Afirka. Wannan allura ita ce asibitoci da dama a Najeriya ke fara ɗaukowa idan majinyaci ya galabaita.

Abin da ya sa Maiduguri ta fi shiga haɗari

Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya rusa tsarin kiwon lafiyar jihar. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2016 ta nuna cewa cikin cibiyoyin lafiya 743 na Borno, kashi 35 cikin 100 an lalata su ƙurmus, wasu kashi 29 kuma sun lalace wani ɓangare. Ma'aikata sun gudu, jama'a sun kwararo babban birnin, nauyin ƙananan hukumomi da yawa ya koma wuyan asibitocin Maiduguri. An sake gina cibiyoyi da dama tun daga lokacin, sai dai gina ɗaki ya fi sauƙi a kan samar da ƙwararren da zai zauna a ciki.

Akwai masu raunin harsashi da na bam, waɗanda Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta shafe shekaru tana yi wa tiyata a Asibitin Ƙwararru na jihar. Irin wannan rauni yana zuwa da ƙasa da ɓaraguzai, sau da yawa bayan doguwar tafiya, kuma majinyacin yakan daɗe a gado ana maimaita masa aiki. A Iraƙi, Siriya da Yaman an ga yadda raunin yaƙi ya zama matattarar ƙwayoyin da suka bijire wa magunguna da yawa a lokaci guda.

Sai kuma yara masu tamowa. A Afrilun 2024 kaɗai, ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, MSF, ta ce ta kwantar da yara 1,250 masu matsananciyar tamowa a cibiyarta ta Maiduguri, ninki biyu na Afrilun shekarar da ta gabata. Zuwa ƙarshen Mayu cibiyar na ɗauke da majinyata 350, alhali gadaje 200 aka tanada domin lokacin da abin ya fi tsanani. Yaro mai tamowa garkuwar jikinsa ta yi rauni, kusan kowane ɗaya da aka kwantar sai an ba shi antibayotik, ga cunkoso, ga uwaye da ke jinya kafaɗa da kafaɗa.

Wani bincike da aka yi a cibiyar kula da masu tamowa a Maraɗi, aka wallafa a 2011, ya nuna abin da irin wannan cunkoso ke haifarwa. Yaran da aka bincika ba su da yawa, amma sakamakon ya girgiza masana: kashi 31 cikin 100 sun iso cibiyar da ƙwayoyin da ke karya ƙarfin dangin seftirayazon a hanjinsu, cikin waɗanda suka zo babu su kuma aka sake gwada su, kashi 94 sun kwashe su kafin sallama. Yaro ya warke daga tamowa, ya koma gida da baƙuwar ƙwaya da zai raba wa 'yan uwansa.

Annobar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022, wadda ta fi shafar Kano, Yobe, Katsina, Bauchi da Borno, ta kawo wani darasin. Gwajin da ɗakin binciken Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ya yi a farkon annobar ya gano cewa ƙwayoyin da aka gwada ba sa jin fenisilin, amma suna jin eritromaisin. Ba don gwajin ba, da ma'aikaci mai bin abin da ya karanta a makaranta zai ci gaba da ba da maganin da ya riga ya mutu a hannunsa.

Alƙalamin likita

Ana yawan ɗora laifin a kan jama'a masu sayen magani ba tare da takardar likita ba, amma alƙaluman asibitoci sun nuna cewa gyaran ya kamata ya fara daga cikin gida. Ƙididdigar yini guda da aka yi a manyan asibitoci huɗu na Najeriya, aka wallafa a 2017, ta samu kusan kashi 70 cikin 100 na majinyatan da ke kwance suna karɓar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wata makamanciyarta a asibitoci uku na Arewa, da aka wallafa a 2020, ta samu kashi 80. Wani nazari na 2019 a kan manyan asibitoci 17 ya nuna waɗanda ke da tsayayyen kwamitin sa ido kan waɗannan magunguna ba su kai rabi ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Likitan da ke ganin majinyata masu yawa a yini ba shi da lokacin dogon bincike, kuma yana tsoron ya sallami yaro mai zazzaɓi ba tare da antibayotik ba, a dawo masa da shi cikin mawuyacin hali. Gwajin noma ƙwayar cuta daga jini yana ɗaukar kwanaki, yana cin kuɗin da iyalin ba su da shi. Gwajin Widal kuwa, wanda ake dogara da shi wajen cewa mutum na da taifot, an daɗe da sanin yana nuna cutar ga mutanen da ba su da ita, amma har yau dubban mutane na shan Cipro a kan sakamakonsa. A ɗakunan tiyata da na haihuwa, al'ada ta sa ana ci gaba da allura kwana biyar ko bakwai bayan aiki, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a ba da maganin rigakafin cikin minti 120 kafin a tsaga fata, kada kuma a ci gaba da shi bayan an kammala aikin.

Horon da ake kira tattalin magungunan kashe ƙwayoyin cuta an tsara shi ne domin warware waɗannan ɗabi'u. Ana koya wa mai rubuta magani ya fara tambayar kansa ko akwai alamar bakteriya ce ta haddasa ciwon. Idan akwai, ya ɗebi jini, fitsari ko mugunya domin gwaji kafin allurar farko, matuƙar hakan ba zai jinkirta ceton rai ba. Ya rubuta dalilin ba da maganin da ranar da za a tsayar da shi a takardar majinyaci. Bayan awa 48 zuwa 72 ya dawo ya duba: idan sakamako ya fito, a koma kan maganin da ya dace da ƙwayar; idan majinyaci ya fara cin abinci, a bar allura a koma ƙwaya; idan ta bayyana babu bakteriya, a tsayar.

Domin sauƙaƙa zaɓi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku tun 2017. Rukunin farko, mai launin kore, su ne na yau da kullum da ke maganin mafi yawan cututtuka ba tare da saurin haifar da bijirewa ba, kamar amoksisilin, amfisilin da jentamaisin. Na biyu, mai ruwan ɗorawa, su ne waɗanda ake sa wa ido, kamar seftirayazon, azitromaisin, merofenem da Cipro. Na uku, ja, su ne na ajiya irin su kolistin, waɗanda ba a taɓawa sai komai ya gaza. A 2022 hukumar ta fitar da littafin jagora mai bayanin magani, awo da tsawon kwanaki ga cututtuka fiye da 30. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 26 ga Satumba, 2024, ƙasashe sun amince cewa nan da 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibayotik da mutane ke sha su fito daga rukunin kore, a kuma rage mace-macen da ke da alaƙa da bijirewa da kashi 10.

Horo mai kyau yana kuma koya wa ma'aikaci cewa ilimin kansa yana sauyawa. Binciken da aka yi a Madarumfa ta Jihar Maraɗi a kan yara fiye da 2,000, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa ba wa kowane yaro mai tamowa marar wata larura amoksisilin bai ƙara yawan masu warkewa sosai ba, ko da yake ya rage waɗanda aka kai asibiti. Wani binciken da aka yi a Malawi kafin wannan ya samu amfani bayyananne. Wani babban nazari a kan cutar jini ta jarirai, wanda Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano da asibitoci biyu na Abuja suka shiga, ya gano cewa da yawa daga cikin ƙwayoyin ba sa jin amfisilin da jentamaisin, haɗin da aka daɗe ana farawa da shi. Abin da ke aiki a wani gari ba lallai ya yi aiki a wani ba, shi ya sa kowane babban asibiti ke buƙatar nasa jadawalin da ke nuna irin ƙwayoyin da ke yawo a ɗakunansa da magungunan da suke ji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Jadawalin nan ba ya samuwa sai da ɗakin gwaji mai aiki. Wani nazari da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Afirka da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya gano cewa cikin ɗakunan gwaji kimanin 50,000 a ƙasashe 14, har da Najeriya, kashi 1.3 cikin 100 ne kacal ke gwajin bakteriya. A Arewa maso Gabas, inda asibitin koyarwa na Maiduguri ke karɓar majinyata daga jihohi maƙwabta har da ƙetaren iyakokin Kamaru, Chadi da Nijar, kowane ɗakin gwaji da ya tsaya yana makantar da likitoci masu yawa. Masanin gwaji yana buƙatar horo, kayan noma ƙwayoyi da ba sa yankewa, da wutar lantarki mai ɗorewa. Likita kuma sai an koya masa amfani da sakamakon, domin takardar da ta iso bayan an sallami majinyaci ba ta amfani kowa ba.

Ma'aikaciyar jinya ce ke riƙe da agogon magani. Ita ke sanin allurar da aka tsallake saboda dangi ba su kawo kuɗi ba, ita ke ganin robar jijiya ko ta fitsari da ta wuce kwanakinta. Mai harhaɗa magunguna shi ne ke ganin takardun kowane sashe, don haka shi ya fi kowa sanin inda ake wuce gona da iri. A asibitocin da tsarin ya kafu, waɗannan ma'aikata suna zagayen ɗakuna tare da likita da masanin gwaji, su duba takarda ɗaya bayan ɗaya, su ba da shawara ba tare da tozarta kowa ba. Wahalar ita ce girman muƙami: ƙaramar ma'aikaciya ba ta iya tunatar da babban likita cewa kwanakin allura sun cika sai shugabannin asibiti sun ba ta wannan dama a rubuce.

Masu shara da wankin zannuwa ma suna cikin lissafin, domin cutar da aka hana yaɗuwa ba ta buƙatar magani. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, kuma a asibiti rigakafin yana farawa daga famfo mai ruwa, sabulu, da tazara tsakanin gadaje. Ƙungiyar MSF, wadda ke gudanar da cibiyar Nilefa Kiji ta masu tamowa kuma ta daɗe tana kula da yara a Gwange, ta ɗora yaƙinta da bijirewa a kan tsafta da hana yaɗuwar cuta, da tattalin magani, da samar da gwaji, kuma tana da sashen horar da ma'aikatanta a waɗannan fannoni. Amma ƙungiyar agaji baƙuwa ce, komai daɗewarta. Abin da zai ɗore shi ne wanda ya shiga manhajar Jami'ar Maiduguri, wadda ke yaye likitoci, masu harhaɗa magunguna da likitocin dabbobi, da kwalejojin jinya, ungozoma da fasahar lafiya na jihar.

Kemis, kasuwa da garke

Mafi yawan masu zazzaɓi ba sa fara zuwa asibiti. Kemis na unguwa ne asibitinsu na farko, inda ake sayen "ja da yalo" ƙwaya biyu saboda gudawa, ko a ce a haɗa na ɗari biyar. Ana ɗiga wa jariri sabon haihuwa Ampiclox da sunan wanke ciki, ana shan Flagyl bayan an ci abin da bai karɓi mutum ba. A doka, masu shagunan nan ba su da izinin sayar da mafi yawan waɗannan magunguna, kuma Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ce ke ba su lasisi. A zahiri kuwa, a unguwar da babu likita, rufe kemis na nufin barin mutane babu kowa. Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce a horar da mai shagon ya san cewa gudawar yaro ruwan gishiri da sukari da sinadarin zinc take buƙata, ya iya gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ƙirga numfashin yaro mai tari, ya kuma san lokacin da zai ce a garzaya asibiti.

Tsada ma tana da nata hannun. Bayan kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga Najeriya a Agustan 2023, ga kuma faɗuwar darajar naira, farashin magunguna irin su Augmentin ya yi tashin gwauron zabo. Wanda aka rubuta wa na kwana bakwai sai ya sayi na kwana biyu, ko ya koma ga mai arha da ba a san asalinsa ba. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2024 na cire haraji kan kayan haɗa magunguna an yi shi ne domin rage wannan nauyi. Tattalin magani ya haɗa da tabbatar da cewa yaro mai ciwon huhu a Jere ko Konduga ya samu amoksisilin mai inganci, cikakke, a kan lokaci. Rashin samun maganin ga mai buƙatarsa yana kisa kamar yadda yawan shansa ke yi.

Harshe wani abu ne da masu tsara horo daga Abuja ke mantawa. Ana jin Hausa a Maiduguri, amma uwa da ta fito daga ƙauye tana iya kasancewa Kanuri ko Larabcin Shuwa kaɗai take ji sosai. Ma'aikacin da zai shawo kanta ta koma gida babu allura, bayan ta biya kuɗin Keke Napep ta yini a layi, yana buƙatar kalmomin da za su gamsar da ita a harshenta, da alamomin haɗarin da idan ta gani za ta dawo.

A Kasuwar Shanu da rugage kuwa, makiyayi ne likitan garkensa. Yana sayen allurar tetarasaikilin ya yi wa saniya da kansa, a tatse ta ko a yanka ta kafin maganin ya bar jikinta. Masu kiwon kaji suna zuba magani a ruwan sha domin rigakafi da saurin girma. Ƙwayoyin da suka koyi bijirewa a cikin dabba ba sa tambayar izini kafin su shiga mutum. Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024 ya samar da ofishin da za a iya tambaya game da horar da malaman dabbobi da masu sayar da magungunansu.

Abin da ke kan teburin Abuja

Najeriya ba ta rasa takardu ba. Ta yi shirin ƙasa na farko na 2017 zuwa 2022, ta ƙaddamar da na biyu na 2024 zuwa 2028, wanda ya haɗa ma'aikatun lafiya, noma da muhalli, NCDC na jan ragama. A taron ministoci na huɗu da aka yi a Jidda a Nuwamban 2024, an ba Najeriya karɓar baƙuncin na biyar a 2026, karon farko a Afirka. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Kaso mai yawa na gyaran ɗakunan gwaji da horar da ƙwararru ya fito ne daga Asusun Fleming na Birtaniya, wanda a Yulin 2025 aka bayyana cewa gwamnatin ƙasar za ta daina zuba masa kuɗi, watanni kaɗan bayan Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare. Shirin da ba shi da layi a kasafin kuɗi yana tsayawa ne ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa.

Ga kuma ƙaurar ma'aikata. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce a 2024 likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisi a ƙasar, kuma wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. Idan aka tara mutum talatin a otal na kwana uku aka raba takardun shaida, bayan shekara biyu wasu sun tafi Saudiyya ko Ingila, wasu an sauya musu wurin aiki, asibitin ya koma gidan jiya. Horon da ke zama shi ne wanda ake yi a bakin gado, ana maimaitawa, ana auna sakamakonsa da ƙididdigar yini guda duk bayan 'yan watanni.

Akwai ƙofofi da ke buɗe waɗanda ba sa buƙatar sabuwar hukuma. Gwamnatin tarayya ta ɗauki alƙawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 na matakin farko, kuma ana iya tabbatar da cewa rabe-raben magungunan nan uku na cikin darussansu. Majalisun da ke sabunta lasisin likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna da masana gwaji suna iya sanya tattalin magani cikin sharuɗɗan sabuntawa. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa tana iya biyan kuɗin gwajin noma ƙwayar cuta, domin muddin gwaji ya fi allura tsada, allurar za a zaɓa. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, mai hedikwata a Maiduguri, tana iya haɗa kowane ginin asibiti da take yi da ruwan famfo, ɗakin gwaji da kuɗin horar da waɗanda za su riƙe shi. Ma'aikatar Lafiya kuma tana da ikon tambayar kowane shugaban asibitin tarayya, a rubuce, kashi nawa na magungunan da aka rubuta a asibitinsa suka fito daga rukunin kore.

Duk shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon wayar da kai kan bijirewar ƙwayoyin cuta, a yi tattaki, a raba riguna da huluna. Ma'aikacin da ke rubuta takardar kasafi ko jawabin minista yana da damar da ta fi wannan: ya nemi a nuna masa adadin asibitocin da kwamitinsu ya zauna a watanni ukun da suka wuce, da adadin gwajin jinin da aka yi, da abin da aka ware wa Borno a cikin shirin 2024 zuwa 2028. Ƙwayar da ta gagari magani a ɗakin yara na Maiduguri kwana ɗaya ya ishe ta ta iso Abuja a mota, kuma merofenem ɗin da zai gaza a can shi ne dai ake ajiye da shi a Asibitin Ƙasa.